Neman kalmar Hausa: me za mu kira Sein da Seiendes?

Masu karatun falsafa, ina neman shawararku kan kalmomin Jamusanci guda biyu da masanin falsafa ɗan Jamus Martin Haidega ya kafa littafinsa na 1927, Sein und Zeit, a kansu. Seiendes shi ne duk abin da akwai, ko dutse ko tauraro ko ƙwayar cuta, shi kuwa Sein shi ne abin da ake nufi idan an ce abu akwai shi. A ganinsa, kowane fannin kimiyya yana yankar yankinsa ne daga cikin Seiendes ya auna, ba ya kuma tambayar Sein, kuma wannan ne ya sa ya ce a laccocinsa na 1951 zuwa 1952 a Jami'ar Firaibug ta Jamus kimiyya ba ta tunani, maganar da ba zagi ya nufa da ita ba.

Wani ya kawo "wanzuwa" a matsayin fassarar Sein. Ban karɓa ba, domin duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya haddace sifofi ashirin ya san wanzuwa fassarar baƙa'u ce, wato rashin ƙarewa. "Kasancewa" kuma tana barin kunne yana jiran ciko: kasancewa me?

Ni na karkata ga "samuwa" don Sein da "samamme" don Seiendes, jam'insa "samammu", kamar yadda malamanmu suka daɗe suna fassara wujudi da maujudi. Da su jimlar takan fito sumul: kimiyya tana binciken samammu, falsafa tana tambayar samuwa.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙa. Tushen kalmar "samu" ne, kamar dai wajada a Larabci, don haka tana ɗauke da hoton abin da aka tarar ajiye a gaba, alhali wannan kallon ne Haidega yake cewa ba shi ne na asali ba. Misalinsa guduma ce. A hannun maƙeri, lokacin da ƙarfe ya yi ja, ba ya ma lura da ita, aiki kawai yake yi. Sai ƙotarta ta karye, ko an ɗora ta a sikeli, sannan ta zama abu mai nauyi kaza da ake dubawa. Ina tsoron kada "samamme" ta riƙa tuna wa mai karatu gudumar sikeli kaɗai.

Duk da haka zan ci gaba da "samuwa" da "samamme", in ware "ajiyayye" ga gudumar sikeli, "na hannu" ga ta maƙeri. Wanda yake da wadda ta fi, ya kawo ta cikin cikakkiyar jimla mu ji yadda za ta zauna.