Yaya za mu koyi rera waƙoƙin Kirsimeti da murya huɗu?

Ɗan ƙungiyar mawaƙa, Katsina:

Salama a gare ku iyaye da 'yan'uwa. Ƙungiyar mawaƙan majami'armu a nan cikin garin Katsina mu 18 ne, mata 11, maza 7. Kirsimeti saura mako 6, kuma bana muna so mu rera da murya huɗu: ta ɗaya mai ɗauke da karin waƙar, alto ta mata a ƙasa da ita, sai tena da bas na maza. Damuwarmu ita ce, kowace murya tana riƙe nata idan ita kaɗai ce, amma da an haɗa, kafin a kai ƙarshen baitin farko kowa ya koma bin murya ta ɗaya. Ba mu da mai karanta rubutun kiɗa na Turawa, sai ɗan do-re-mi, wato sunayen matakan sauti daga ƙasa zuwa sama: do, re, mi, fa, so, la, ti. Ta ina za mu faro?

Malamin waƙa:

Ɗana, abin da ke faruwa ba rashin murya ba ne, kunne ne bai saba ba. Mun tashi da waƙar jagora da 'yan amshi, kowa a kan sauti ɗaya, shi ya sa da mai alto ta ji ta bambanta da maƙwabciyarta sai ta ɗauka kuskure ta yi, ta gyara ta bi ta. Kunnen za ku fara horarwa.

Minti 10 na farkon kowane gwaji, raba su gida biyu. Gida ɗaya su riƙe do su ja shi, kowa ya saci numfashi a lokacinsa don kada sautin ya yanke. Ɗaya gidan su hau do, re, mi, fa, so a hankali, su sauko. A kan re za su ji sautukan suna gogar juna, a kan mi da so su ji sun kwanta. Sai a yi musanya. Wanda ya iya riƙe do alhali ana rera re a gefen kunnensa, ya kama hanya.

Yawancin waƙoƙin nan a kan duwatsun murhu uku suke zaune, kowane dutse haɗin sauti uku ne da ake yi tare: do-mi-so, fa-la-do, da so-ti-re. Alto takan bi murya ta ɗaya da tazarar taki biyu a ƙasa: so da mi, la da fa, fa da re, mi da do, re da ti na ƙasa. Amma akwai wurare biyu da wannan ƙa'ida take ba da ruwa. Idan murya ta ɗaya ta sauka kan do a ƙarshen layi, kada alto ta je la, don waƙar farin ciki za ta koma kamar ta makoki. Ta je so ko mi na ƙasa. Idan kuma ana kan so alhali mai kiɗa yana riƙe da so-ti-re, alto re ce ko ti, ba mi ba.

Ku fara da Silent Night. Da aka fara rera ta a Oberndorf ta ƙasar Ostiriya daren 24 ga Disamba 1818, murya biyu da gita aka tsara mata, don haka ko da murya biyu ma a cike take. Inda ta ɗaya ke cewa so-la-so-mi, ta biyu mi-fa-mi-do take cewa.

Shawarata, kada ku ɗauki fiye da waƙa 3. Mako 2 murya ta ɗaya da alto kaɗai, mako na 3 bas ya shigo, tena a ƙarshe.

Mai kibod, Malumfashi:

Malam ya gama magana a kan alto, bari in ƙara ta wajen maza. Kuskuren da ya fi yawa shi ne namiji ya rera murya ta ɗaya da kauri a ƙasa yana zaton bas yake yi. Bas na gaske ba ya yawo da waƙa, gindin kowane dutse yake takawa: do, fa, so, ya dawo do. Cikin maza 7 ɗin ku ba bas 4, tena 3. Matan kuma 6 a murya ta ɗaya, 5 a alto, kuma kada a kwashe masu ƙarfin murya duka a kai murya ta ɗaya. Alto ce ta fi bukatar mai kafaffen kunne, a sa ta tsakiyar layinsu.

Waƙar da Malam ya ambata tana da faɗi, daga do na ƙasa har fa na sama. Idan aka ɗora do a kan sautin C na kibod, mata da yawa sai sun yi ƙara kafin su kai, ku sauke ta zuwa B flat da ke ƙasa kaɗan. Kuma mai kiɗa ya duba maɓallin sauya maki, wato mai ɗaga sautin kibod ko sauke shi, kafin kowace waƙa, don sau da yawa akan manta shi yadda aka bar shi a waƙar baya.

Makon ƙarshe ku rera baiti guda ba kiɗa, sannan a taɓa do. Idan kun zame ƙasa, ku nemi laifin a fa zuwa mi da do zuwa ti. Rabin taki ne, amma mutane kan sauka fiye da haka, ko kuma numfashi ya ƙare musu a wutsiyar layi.

Uwar zumuntar mata, Katsina:

Sannunku da ƙoƙari yarana. Ni ban goyi bayan a tsare kowa da do-re-mi ba, mako 6 ba zai isa ba. Shugabannin muryoyi huɗu su koye shi, sauran a ba su da kunne. A ɗauki kowace murya a waya a tura ta WhatsApp, ɗauka biyu: ɗaya muryar ita kaɗai, ɗaya kuma tare da murya ta ɗaya ƙasa-ƙasa. A koyar layi-layi, kada a wuce sai an maimaita shi sau 3 ba tuntuɓe. Ranar haɗawa kowace murya ta tsaya a kusurwarta ta majami'a, kowane gwaji su matso taku biyu har su haɗu. Wadda ta toshe kunne da yatsa a sauke mata hannun, don ranar sujada ba za ta toshe ba.

Ku kula da kalmomi. Waƙoƙin da aka juyo Hausa karinsu ba ya bin hawa da saukar maganarmu, saboda haka sai an fito da baƙaƙe sosai jama'a za su gane. A ja sauti a kan wasali, kuma ɓ, ɗ da ƙ su faɗo lokaci ɗaya a bakin kowa. Ku sa alama a takarda inda za a yi numfashi, kada a tsinka kalma gida biyu.

Ga hunturu kuma, ƙura da bushewar iska suna cin maƙogwaro. Kowa ya zo da gorar ruwa mai ɗumi yana kurɓa, a yayyafa ruwa kafin a share ɗakin gwaji, a fara da rera sauti baki rufe na minti 5. Gwaji kada ya wuce awa ɗaya da rabi. Wanda muryarsa ta dishe ya zo ya zauna cikin layinsa ya saurara, kada ya rera, kada kuma ya yi raɗa, don raɗa ma tana gajiyar da maƙogwaro.