Gasar dojbol ta ɗalibai: dokokin da ake rubutawa kafin a busa usur

Mai Shirya Gasa:
Assalamu alaikum malamai da masu horarwa. Tambayata ga waɗanda suka saba gudanar da gasar dojbol tsakanin ɗalibai, wato wasan nan da ɓangare biyu ke jifar juna da ƙwallo, ana gocewa ana cafewa. Waɗanne dokoki ne dole su shiga takarda, kuma a ina rigima ta fi tashi? Ƙungiya takwas ce, fili ɗaya, yini ɗaya.

Malamin Motsa Jiki:
Wa alaikumus salam, Malam. Fara da fili da ƙwallo, domin rabin matsalar daga nan take fitowa. Filin wasan ƙwallon raga ya isa: tsawo mita 18, faɗi mita 9, ga layin tsakiya, ga kuma layi a kowane ɓangare mita 3 daga tsakiya, wanda zai zama layin kai hari. A bar aƙalla mita 2 tsakanin layin baya da bango, saboda yaro yana ja da baya ne idonsa na kan ƙwallo, ba ya ganin abin da ke bayansa.

'Yan wasa shida a kowane ɓangare. Hukumar dojbol ta duniya, WDBF, tana amfani da ƙwallon soso guda shida mai faɗin inci 7, akwai kuma tsarin ƙwallon yadi da ake yi da guda biyar. Ga ɗalibai na soso za ka nema. Ƙwallon roba mai inci 8.5 yana da nauyi, yana zafi a jiki, kuma shi ne ke lanƙwasa yatsa baya idan yaro ya tare shi da tsinin yatsu. Ka tanadi biyu na ajiya, domin fatar soso tana tsagewa idan ana matse shi da farce.

Wajen farawa, a jera ƙwallo shida a layin tsakiya, uku a dama uku a hagu. Kowa ƙafarsa a layin baya har a busa usur. Kowace ƙungiya ta ɗauki ukun da ke hannunta na dama kaɗai. Idan ka bar su su yi wawaso a kan duka shidan, yara biyu za su sunkuya a guje kan ƙwallo ɗaya su yi karo da goshi. Sannan ƙwallon da aka ɗauko ba a jifa da shi sai ya koma bayan layin kai hari tukuna.

Mai Usur:
Malam ya gama da fili, bari in ɗora da hukunci. Hanyoyin fita huɗu ne: ƙwallo mai rai ya same ka ya faɗi, ko a cafe jifanka, ko ka tsallake layin tsakiya ko na gefe, ko ka kare kanka da ƙwallon da ke hannunka ya suɓuce ya faɗi. Ƙwallo yana da rai daga barinsa hannun mai jifa har ya taɓa ƙasa, bango, rufi, alƙali ko wanda ya riga ya fita. Riga ma jiki ce, ko gefenta ya shafa an fita.

Wannan kowa ya sani. Faɗan yana tashi ne a wuraren da ba a rubuta ba, su ne nake roƙonka ka yanke tun ran gini. Ƙwallo ya bugi kafaɗar ɗan wasa ya tashi sama, abokinsa ya cafe kafin ya sauka: wasu na cewa wanda aka buga ya tsira kuma mai jifa ya fita, wasu na cewa ya tsira amma mai jifa na nan. Ni na fi son na farko don yana koya wa yara kula da juna, amma ko wanne ka zaɓa ka rubuta shi. Ƙwallo ɗaya ya taɓa mutum biyu kafin ya faɗi: duka biyun sun fita. Mutum biyu sun jefi juna a tare: idan ƙwallon ya bar hannu kafin a sami mai shi, yana da rai, kowa ya fita.

Sai dawowa. Duk cafewa tana dawo da mutum ɗaya na ƙungiyar wanda ya cafe, kuma wanda ya fara fita shi ne zai fara shiga. Waɗanda suka fita su tsaya a jere a gefen fili yadda suka fita, mai dawowa ya shigo ta layin baya. In ba ka sa ido a wannan jeren ba, gwanin ƙungiya ne zai riƙa zamewa gaba, ƙaramin da ya fita tun farko ya wuni a tsaye.

Kuma alƙali ɗaya ba zai iya ba. Ƙwallo shida, ido biyu. Alƙalai biyu a bakin layin tsakiya, kowa yana kallon ɓangare guda, na uku da agogo da takardar maki.

Kociya:
Ɗan uwa Mai Usur, ka manta dokar jan lokaci, ita ce ke kashe wasa. Ƙungiyar da ke gaba da mutum ɗaya sai ta tattara ƙwallo biyar ta koma layin baya tana jiran lokaci ya cika. Maganinsa: ɓangaren da ya fi riƙe ƙwallo yana da daƙiƙa 10 ya yi jifa, alƙali ya ƙirga biyar na ƙarshe da ƙarfi kowa ya ji. Idan uku da uku ne, nauyin jifa yana kan ɓangaren da ya fi yawan mutane. Wanda ya ƙi, ya miƙa duk ƙwallayensa. Mirgino ƙwallo a ƙasa ko cilla shi rufi ba jifa ba ne.

Batun kai kuwa, a gasar manya akwai inda bugun kai ke fitar da mutum, amma ga ɗalibai daga wuya zuwa sama ba a ƙirgawa. Sai dai akwai ƙofa a nan: da zarar yara sun gane, za ka ga wani yana duƙar da kansa cikin hanyar ƙwallo don ya tsira. Saboda haka a ƙara sharaɗi, wanda ya sunkuya ko ya tsuguna har kansa ya sauko inda ƙirjinsa yake, aka same shi, ya fita.

Malamin Motsa Jiki:
Malama, mai jifan kai fa? Ni ban yarda a fitar da shi a karon farko ba, soso yana lanƙwasa a iska, hannun yaro bai gama saiti ba. Gargaɗi a na farko, fita a na biyu, na ganganci kuwa kati kai tsaye.

Kociya:
Na yarda, Malam. Abin da ya fi damuna shi ne gaskiyar ɗan wasa. Akwai shafar da babu alƙalin da zai gani, sai wanda ta taɓa. Dole a faɗa wa yara a taron farko cewa wanda aka samu ya ɗaga hannu, ya ajiye ƙwallonsa, ya fita ba tare da jiran usur ba. Wanda alƙali ya ga an same shi sarai ya ci gaba da wasa, katin gargaɗi, ya zauna zagaye na gaba, ƙungiyarsa ta buga da biyar. Kati biyu, ya bar gasar. Idan aka kau da kai sau ɗaya a wasan safe, kafin rana ta yi tsaka babu mai fita da kansa.

Kyaftin kaɗai ke magana da alƙali, shi ma bayan an tsayar da wasa. Babu zagi, babu nuna yatsa ana dariya, babu harbin ƙwallo da ƙafa don fushi. Wanda ya fita ba ya taɓa ƙwallon da ke cikin fili. Haɗa jifa uku a kan mutum ɗaya dabara ce ta wasa, amma idan ka lura zagaye bayan zagaye yaro guda ake nema ana ihu da sunansa, wannan cin zali ne, ka tsayar ka kira kyaftin biyu. Dokar nan ta hau kan 'yan kallo da malaman da suka rako ƙungiyoyi.

Mai Jadawali:
Lissafin lokaci, Yallaɓai. Sili ɗaya ƙwale da ƙungiya takwas wasa 7 ne kacal, amma ƙungiya huɗu za su tafi bayan wasa ɗaya, ga ɗalibai bai yi ba. Raba su rukuni biyu na huɗu huɗu: wasa 6 a kowane rukuni, 12 ke nan, sai kusa da na ƙarshe 2, sai na ƙarshe, jimilla 15. Kowane wasa zagaye uku na minti 3, wanda ya ci biyu ya yi nasara. Da sauya gefe da jera ƙwallo ka ba kowane wasa minti 12, awa uku ke nan ba hutu, ka ware huɗu. Lokaci ya cika, mai yawan mutane a fili ya ci zagayen. Idan kunnen doki ne, a ci gaba, wanda ya fara fitar da mutum ɗaya ya ɗauka. Ƙungiyar da ta makara minti 5 ta rasa zagayen farko. Sunayen 'yan wasa a rufe su kafin wasan farko, in ba haka ba za ka ga sabuwar fuska mai dogon hannu a wasan ƙarshe.

Ma'aikaciyar Jinya:
Kafin kowane wasa a duba hannu da wuya: zobe, agogo, sarƙa, ɗan kunne, duk a cire, farce a yanke. Takalmi mai ƙasan roba da igiya ɗaure, domin a safa zalla ake zamewa. Mai tabarau ya sa na wasanni ko ya ɗaure nasa da maɗauri. Raunin da ya fi yawa targaɗen yatsa ne da na idon sawu, sai haɓo. Targaɗe a sa ƙanƙara naɗe cikin tsumma minti 15 zuwa 20. Haɓo a zaunar da yaro ya karkata gaba, a matse tattausan hancin minti 10, kada a ɗaga kansa baya. Wanda kansa ya bugu da ƙasa ko da kan wani, ya ce jiri yake ji, ko ciwon kai, ko ya yi amai, ya gama wasa a ranar ko da ya rantse ya warke, a kai shi likita ya duba. Gumi ko ruwa ya zuba a fili, a busa usur a goge kafin a ci gaba.