Wani tsohon alƙali ya rasu a Maraɗi: yaya za a karrama shi yadda ya dace?

Ɗan Bagalam:
Assalamu alaikum. Allah ya yi wa wani dattijon alƙali rasuwa a nan Maraɗi, mutumin da ya ƙare ƙarfinsa a aikin shari'a, kuma jama'a sun shaide shi da tsare gaskiya. An yi jana'iza, an yi zaman makoki. Iyalinsa da abokan aikinsa na son a yi abin tunawa da shi, amma baki bai zo ɗaya ba: wasu na cewa taro a kotu, wasu rijiya, wasu a sa wa titi sunansa. Masana, da me ake farawa, kuma ina ake yawan yin tuntuɓe?

Tsohon Magatakarda:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ɗan'uwa, kafin a kafa rumfa a fara sauke amanar da ke wuyansa. Alƙali kan tafi gida da takardun ƙara don ya rubuta hukunci da dare. Mutum biyu daga iyali da wakilin kotu su buɗe ɗakin karatunsa tare, su ware abin da yake na kotu, wato fayilolin ƙararraki, hatimi da makullan ofis, su rubuta su ɗaya bayan ɗaya, su miƙa wa babban magatakarda ya sa hannu ya ba su shaidar karɓa. Takarda guda ta ɓace a cikin kwali, sai mai gona ya shekara yana zarya. In yana kan aiki ya rasu, ƙarar da ya saurara bai yanke ba sai an sake buɗe ta gaban wani alƙali, domin wanda bai ji ba ba ya hukunci.

Shi kuma taron kotu, ba iyali ke kiransa ba. Ana rubuta wa shugaban babbar kotun Maraɗi, shi zai tsayar da rana tare da mai gabatar da ƙara, a sanar da 'yan'uwansa alƙalai da ƙungiyar lauyoyi. Masu jawabi kada su wuce huɗu, kowa minti goma: lauya, mai gabatar da ƙara, wakilin iyali, shugaban kotu ya rufe. Babban kuskure shi ne mai yabo ya shiga ambaton shari'o'in da marigayin ya yanke da sunayen masu su. Wanda aka kayar yana raye, wataƙila ma yana zaune a wurin. Haka nan abin da aka tattauna a ɗakin shawara sirri ne da alƙalai suka yi rantsuwa a kansa, mutuwa ba ta kwance shi. A faɗi garuruwan da ya yi aiki da shekarunsu, a tabbatar da su daga takardun naɗinsa, ba daga bakin mutane ba. Kuma a yi wani ɓangare da Hausa. Iyayen gida da talakawan da ya yi wa hidima ba duka ke jin Faransanci ba.

Malam na Limanci:
Magatakarda ya yi daidai. Ta fuskar addini jerin a fili yake: kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya wadda ba ta wuce kashi 1 cikin 3 ba, sannan gado. Kada a ciri ko dala daga dukiyar a yi rijiya ko taro matuƙar akwai marayun da ba su balaga ba, domin haƙƙinsu ne, kuma yardar ƙaramin yaro ba yarda ba ce. Baligi ya ba da daga rabonsa in ya so, abokai su yi karo-karo. A tuna matarsa tana takaba wata 4 da kwana 10, saboda haka ko a jinkirta taron ko a wakilce ta. Zancen sadakar arba'in malamai sun saɓa, a garin nan kuwa kowa ya san yadda yake raba zumunci. A bar wa magada su zaɓa. A yi cigiya a masallacin unguwa cewa duk mai bin sa bashi ya zo. Wannan ya fi masa amfani a kabari fiye da kowane allon suna.

Hajiya ta Zariya:
Allah ya saka, Malam. Ni takardu zan ƙara, don nan ake barin zawarawa cikin wahala bayan an watse. A karɓi takardar mutuwa a meri, wato ma'aikatar magajin gari, da wuri; in wa'adi ya wuce sai an bi ta kotu. Sannan a yi taron dangi a rubuce, a naɗa wakili guda, a kai kotu ta tabbatar, a fitar da takardar magada. Da su da takardar aure da na haihuwar yara ake neman fansho. Abin da ke dawo da fayil baya shi ne suna: a nan an rubuta shi wani iri, a can wani iri. A daidaita tun kafin a kai Yamai.

In rijiyar burtsatse za a yi, a samu takardar filin tukuna, a kafa kwamitin mutum uku, a ware kuɗin gyara tun farko, domin fanfo kan tsaya ne saboda ƙaramin abu da ba mai saye. Littattafansa na doka a kai inda ake karantar da doka, kamar jami'ar Yamai ko ta Tawa, a buga musu hatimin sunansa. Sunan titi kuwa hukumar birni ke yanke shi, a rubuta mata buƙata da taƙaitaccen tarihinsa shafi ɗaya, a haɗa da sa hannun mai unguwa.