Ƙafar ɗiyata ta dama ta fi ta hagu girma tun haihuwa: shin tundurmi ne?

Mahaifi daga unguwar Birni:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ɗiyata tana da shekara 2, kuma tun ranar suna mahaifiyarta ta lura cewa ƙafarta ta dama ta fi ta hagu kauri, daga cinya har yatsu. Yanzu da ta fara tafiya sai muka ga ta fi ta tsawo ma, har tana ɗingishi. Ba ta kukan ciwo, kuma idan an danna fatar ba ta lotsawa. Kakarta ta ce tundurmi ne, tana so a kira wanzami ya yi mata sakiya, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Ina neman shawarar masu sani.

Dattijo daga Mirya:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya, ɗana. Na ga masu tundurmi da yawa a rayuwata, amma dukansu manya ne, ban taɓa ganin wanda aka haifa da shi ba. Ka lallashi kakarta ta yi haƙuri, kada aska ta taɓa yarinyar nan kafin likita ya gan ta.

Ma'aikaciyar jinya, Sabon Gari:
Malam, maganar Baba gaskiya ce. Tundurmi wasu ƙananan tsutsotsi ne da sauro ke sa wa mutum suke haddasa shi, kuma sai an ɗauki shekaru suna toshe hanyoyin ruwan jiki kafin ƙafa ta kumbura. Ba ya ƙara wa ƙashi tsawo. Abin da ka kwatanta ya fi kama da girman ɓangare ɗaya na jiki, inda ƙashi da tsoka da kitse suke girma fiye da na ɗaya gefen. Sau da yawa asalinsa canji ne da ya auku a wasu ƙwayoyin halittar jaririya tun tana ciki, don haka ba laifin mahaifiya ba ne, kuma ba a ɗaukarsa daga wani. Babu ruwa ko mugun jini a ciki da sakiya za ta fitar, sai dai ta bar gyambo. Idan akwai jan tabo a fatar ko jijiyoyin da suka taso, to haɗarin zubar jini ya ƙaru, domin wannan alama ce ta nau'in da likitocin Faransa biyu, Klippel da Trenaunay, suka bayyana a 1900.

Abin da ya fi damuna, wanda iyaye ba su cika sani ba, shi ne ƙoda. Yaran da ke da irin wannan girma sun fi sauran yara haɗarin kamuwa da kansar ƙoda da ake kira ciwon Wilms, shi ya sa ake yi musu hoton ciki na ekografi duk wata 3 har su kai shekara 7 ko 8. Idan an gano ta da wuri, yawancin yara suna warkewa. Ka kai ta wurin likitan yara a Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram, a auna ƙafafun, a ɗauki hoton ƙashi. Ƙaramin bambanci ana gyara shi da ƙarin tafin takalmi, babba kuwa akwai aikin da ake yi don rage saurin girman ƙafar da ta fi tsawo.

Mahaifi daga unguwar Birni:
Na gode Baba, na gode Hajiya. Akwai jan tabo a cinyarta wanda muka ɗauka tabon haihuwa ne kawai. Ranar Litinin, in Allah ya yarda, zan kai ta, kuma zan tafi da kakarta ta ji bayanin da kunnenta.