Idan asibiti ya ce "a koma gida": yaya unguwa za ta riƙe jinyar wanda ba a sa ran warkewarsa?

Ɗan Rikkos:

Assalamu alaikum jama'a. Ƙungiyar unguwarmu a nan Jos na son fara taimaka wa marasa lafiyar da aka sallamo daga asibiti da cewa aiki ya gagara, a je gida a ci gaba da addu'a. Galibi masu ciwon daji ne da ya bazu, sai masu ciwon hanta ko ƙoda da ya ci jiki. Mun ji ana cewa a ƙasashen waje akwai gidaje na musamman, hosfis, da jama'a ke riƙewa da gudummawa. Shin sai mun nemi gini? Me ake yi wa mara lafiya a irin wannan jinya, kuma yaya ake tara kuɗin da ba zai yanke a hanya ba? Masana a taimaka.

Nas ta Lamingo:

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba da lada. Ku ajiye maganar gini tukuna. Gidan farko na zamani irin wannan, St Christopher's, Cicely Saunders ce ta buɗe shi a Landan a 1967, kuma shi gadaje ne da ɗakuna. Amma tsarin da ya fi kama da halinmu na Yuganda ne, wanda Dokta Anne Merriman ta fara a Kampala a 1993: ma'aikatan jinya ne ke bin mara lafiya har gida da jakar magani. Mutuminmu ya fi son ya cika a ɗakinsa cikin iyalinsa, haya da albashin mai gadi kuma za su cinye kuɗin da ya kamata ya tafi a magani.

Wannan jinya ba ta warkar da cutar, ba ta kuma gaggauta ajali. Aikinta rage raɗaɗi, tsabta, da tallafa wa masu jinya. Abin da ya fi kayar da iyalai shi ne gyambon kwanciya. Wanda ba ya iya juyawa da kansa a juya shi duk bayan awa 2 da rana, dama, baya, hagu, a sa matashi tsakanin gwiwoyi, a ɗaga duga-dugai kada su taɓa katifa. Kullum a duba ƙashin gindi, kwatangwalo, duga-dugai da bayan kunne. A fatarmu ja ba ya fitowa sosai, don haka abin da ake nema shi ne wurin da ya yi duhu, ko ya yi zafi ko tauri fiye da kewayensa. Kada a murza wurin da man zafi, murzawa na ƙara kashe naman. Leda a ƙarƙashin zanin gado take zama, ba a jikin fata ba, kuma mutum biyu su ɗaga shi da zanin, kada a ja shi.

Gyambon daji mai wari: a tafasa ruwa rabin lita, a zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya, a bari ya huce, a wanke da shi a hankali. Sannan a daka ƙwayar Flagyl ta yi laushi a barbaɗa a kai, a rufe. Cikin 'yan kwanaki warin kan ragu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin wari ne ke korar 'yan dubiya har mutum ya zauna shi kaɗai. Bandejin da ya manne a jiƙa shi kafin a cire, in ba haka ba jini zai ɓalle. A ajiye tawul mai duhun launi kusa saboda irin wannan rana.

Da yake Jos ce, a kula da hunturu: ruwan ɗumi wajen goge jiki, sashe-sashe, sauran jikin a rufe. Kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki a rufe.

Mai Haɗa Magani:

Sista ta gama da fata, bari in ɗauki raɗaɗi. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara maganinsa hawa uku: farasitamol da danginsa, sai masu matsakaicin ƙarfi kamar taramol, sai masu ƙarfi sosai kamar mofin. Farasitamol ga babba giram 1 ne duk awa 6, kada ya wuce giram 4 a yini, kuma ana ragewa ga mai ciwon hanta ko wanda ya rame sosai. Su diclofenac da ibuprofen na taimaka wa ciwon ƙashi, amma suna cin ciki, suna kuma lalata ƙoda, don haka ba na kowa ba ne.

Mofin na ruwa shi ne ginshiƙin aikin. Likita ne kaɗai zai rubuta, kuma a kantin maganin babban asibiti ake karɓa, ba a kemis ba. Ku fara tambaya a sashen masu ciwon daji na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH), ko Babban Asibitin Ƙasa ga wanda ke Abuja. Haɗin da aka saba gani miligiram 5 ne a cikin mililita 5, amma a karanta kwalba kowane lokaci domin akwai mai ƙarfi. Likita kan fara da miligiram 2.5 zuwa 5 duk awa 4: ƙarfe 6 na safe, 10, 2 na rana, 6 na yamma, sannan 10 na dare a ba da ninki biyu don kada a tashe shi ƙarfe 2. Da sirinji mara allura ake aunawa a zuba a baki, ba da cokalin shayi ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a jira sai ya fara nishi sannan a ba shi. Aikin maganin awa 4 ne. Idan aka bari ya sake shi, ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Da agogo ake bayarwa. In ciwo ya taso a tsakani, akwai ƙarin awo da likita zai faɗa, a rubuta shi a littafi da lokacinsa. Wannan littafin likita zai duba ya san ko zai ƙara.

Na biyu, cushewar ciki. Barci-barci da tashin zuciya na kwanakin farko kan wuce, amma wannan ba ya wucewa muddin ana shan mofin. Ranar da aka fara, a fara maganin sakin ciki, kamar bisacodyl da dare. Kwana 3 babu bayan gida, a kira nas.

Jama'a na tsoron mofin, musamman tun da aka hana maganin tari mai kodin a 2018 aka ga ɓarnar da ya yi wa matasa. Tsoron ya fi dacewa da wurin ajiya: a kulle kwalbar, mutum ɗaya ya riƙe makulli, abin da ya rage bayan rasuwa a mayar asibiti. Mai ciwo da ke sha bisa awo ba maye yake nema ba. Alamun ya yi yawa su ne ya yi wuyar tashi daga barci, gaɓoɓi na zabura, numfashi ya yi ƙasa sosai. Hakan ya fi faruwa idan ƙoda ta raunana, fitsari ya ragu. A dakatar da awo na gaba a kira likita nan take.

Ɗan Rikkos:

Allah ya saka da alheri. To idan ya daina cin abinci fa? Iyalai kan matsa a kira wani ya sa ƙarin ruwa a gida, kuma nan kuɗi ke tafiya.

Nas ta Lamingo:

Malam, wannan ita ce maganar da ta fi wuyar faɗa wa uwa ko mata. A kwanakin ƙarshe jiki ne ke daina karɓa, ba yunwa ke kashe shi ba. Ɗura kunu ga wanda ba ya iya haɗiya na kai shi huhu, ya shaƙe. Ƙarin ruwa kuma sau da yawa a ƙafa da ƙirji yake taruwa, ya ƙara kakari. Likita ya duba, domin akwai lokacin da yake da amfani, amma ba ledar ruwa ce alamar an kula da mutum ba. Muddin yana haɗiya, a zaunar da shi a ba shi cokali 2 ko 3 na abin da ransa ke so, kunun acha ne ko romo. Da ya daina, a koma jiƙa baki da tsumma mai tsabta duk awa, a shafa man Vaseline a leɓe. Idan kakari ya fara a kwantar da shi ta gefe. A ci gaba da yi masa magana a hankali, a laƙƙana masa kalmar shahada ba tare da matsawa ba, ko a kira fastonsa in Kirista ne. Maganar bashi da wasiyya kuwa tun yana cikin hayyacinsa ake yin ta.

Tsohon Ma'aji:

Ranka ya daɗe, ga ɓangaren kuɗi. Ko a Ingila abin da gwamnati ke bai wa irin waɗannan gidaje bai kai rabin abin da suke kashewa ba. Sauran daga shagunan gwanjo, wasiyya da gudummawar jama'a yake fitowa. To balle mu.

Kada ku fara da bikin ƙaddamar da gidauniya. Za a kashe kuɗin rumfa da kujeru, manya su yi alkawari a lasifika, a tashi da ɗan abin da ya shigo hannu, wata 3 asusu ya bushe alhali mara lafiya na nan kwance. Jinya kullum take ci, don haka kuɗinta ma ya zama mai shigowa kullum. Gida 100 a naira 1,000 duk wata ya ba ku naira 100,000 da za ku iya yin lissafi a kai. A karɓa kamar adashi, rana tsayayya, da rasit.

Kafin ku ɗauki kowa, ku fitar da abin da mutum ɗaya ke ci a wata: famfas na manya, safar hannu, auduga, bandeji, sabulu, magani, kuɗin keke na nas, katin waya. Ku raba kuɗin wata da wannan, ku rage kashi ɗaya cikin biyar na ko-ta-kwana. Abin da ya fito shi ne yawan mutanen da za ku iya riƙewa. Gara 4 da za ku raka har ƙarshe da 15 da za ku saki a tsakiya.

Asusun banki da sunan ƙungiya, mutum 2 cikin 3 su sa hannu, kada ya zama asusun shugaba. Ku sayi kaya ku kai, kada ku miƙa tsaba: gidan da babu abinci zai sayi masara da kuɗin magani, kuma ba za ka ga laifinsu ba. Shi ya sa ake ware musu awon abinci daban. Duk wata a karanta lissafi a masallaci ko coci, ba tare da sunan mara lafiya ba. Hotonsa kuma kada ya hau Facebook don neman taimako sai da yardarsa.

Zakka a riƙe ta a littafi daban. Ciwo kaɗai ba ya sa mutum cikin kashi 8 da Suratut Tauba ta lissafa, talauci ko bashi ne ke sa shi, kuma jinya mai tsawo kan jawo duka biyun. Kuɗin mota da alawus ɗin nas su fito daga sadaka, ku kuma tambayi malaminku. Keken guragu, katifa, fo da sandar dogarawa a karɓe su a matsayin wakafi, a rubuta lamba a jiki, a ba da aro, a karɓo bayan sadakar bakwai a wanke da ruwan bilic.

Maman Tagwaye, Tudun Wada:

Baba Ma'aji, a ƙara da wadda ke jinyar. Yawanci mace ɗaya ce, ba barci, sana'arta ta tsaya. 'Yan zumuntar mata da 'yan agaji sun riga sun saba da dubiya, tsari kawai za a yi musu: mutum 2 ga kowane gida, awa 3 sau 2 a mako, mace ga mace, namiji ga namiji, don ta samu ta yi wanka ta runtsa. A koya musu juyi da wanke baki kafin a tura su, kuma kada su taɓa awon magani. A rubuta lambar nas a manna a bayan ƙofar ɗakin, da sunan wanda zai ɗauka in ta kashe waya da dare.