Tsawon horon tuƙin jirgi na jinkirta ƙarin girma a sojan sama?

Assalamu alaikum. Don Allah masu masaniya kan aikin sojan sama, ku fitar da mu daga duhu.

Ƙanina ya fito daga NDA, makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna, aka zaɓe shi cikin masu koyon tuƙin jirgi. Ya gama matakin farko a makarantar 401 ta Kaduna, yanzu yana 403 ta Kano, inda ake horo da jirgin L-39ZA. In ya samu fukafukinsa ma, wato alamar zama cikakken matuƙi, sai ya sake koyon jirgin da zai yi aiki da shi.

Abokan karatunsa da suka shiga ɓangaren mulki da kayan aiki tuni sun kama ofis, ana rubuta musu rahoton shekara. Shi kuwa har yau ɗalibi ne. Hajiyarmu a nan Tudun Wadan Zariya, duk jirgin kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Palladan da ya gifta sai ta ce, "Shi yaushe zai gama?"

Shin girma daga ranar ƙaddamar da mutum a matsayin hafsa ake lissafa shi, ko sai an gama horo? Jarrabawar ƙarin girma da kwas ɗin kwalejin hafsoshi ta Jaji fa, za su wuce shi? In na tambaye shi, dariya kawai yake yi, ya ce, "Yaya, a dai yi addu'a."