Don Allah a ba ni shawara kan garin ɓawon lemun tsami

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Hankalina a tashe yake. Mahaifiyata ta dawo wajena tun bayan rasuwar babanmu, yayyena duk sun sakar min ɗawainiyarta, hawan jini ga taurin bayan gida. Na ji ana yabon garin ɓawon lemun tsami, sai na tara ɓawon, na yayyanka sirara-sirara, na baza a faranti na rufe da tsumma mai shara-shara, kwana shida ina juyawa har ya bushe ƙayau. Na daka na tankaɗe, ƙamshi har ɗaki. Mako uku ke nan tana sha, bayan gida ya daidaita, amma yanzu ƙwannafi na hana ta barci. In daina ne ko in ci gaba?

Anti Balaraba: Ki ci gaba 'yata. Shekara biyu ina shan sa ban ga illa ba. Ki dinga tafasa shi sosai, ɗacin zai ragu.

Ummu Sadik: Wa alaikumus salam. Nawa kike ba ta a rana? Ba ki faɗa ba. Kuma Anti ki yi haƙuri, tafasawa na lalata bitamin C, zafi da haske ba sa barin sa. Ɗanyen ɓawo giram 100 yana da kusan miligiram 129 na bitamin C, ya ninka na tsokar lemun, ga fiba sama da giram 10. Fibar nan ce ta sassauta wa Mama ciki. Amma da shanya da ajiya bitamin ɗin raguwa yake yi.

Maman Ilham: Babban cokali biyu, safe da dare. Ai abu ne na itace, ba na bature ba.

Ummu Sadik: Kai, ya yi yawa ƙanwata! Gari ya fi ɗanye ƙarfi tunda ruwan ya fita. Man da ke ba shi ƙamshin nan, limonene, da ɗacin farin cikin ɓawon, ba kowane ciki ke ɗauka ba, balle ta sha ta kwanta. Rabin ƙaramin cokali ma ya isa gwaji. Kin wanke lemun kafin ki fere? Maganin feshi a ɓawo yake zama, wasu kuma ana shafa musu kakin zuma don sheƙi.

Anti Balaraba: Ku yaran yanzu komai sai kun kawo lissafi. Ni da na je asibiti da ciwon gwiwa, tun safe nake kan benci, likitan ko ɗago kai bai yi ba ya rubuta min magani. Surukata ma haka take min, komai na ɗauko sai ta ce wa ya ce.

Maman Yasir: Wallahi Anti, nawa yayyen ma haka suke, sai waya kawai, ba mai leƙowa. Maman Ilham, Allah Ya saka miki. Amma tana dai shan ƙwayarta ta hawan jini ko?

Maman Ilham: Ta ajiye kwana goma ke nan, ita ta ce ta gaji da haɗiya, kuma kanta ya daina ciwo. Ba ni na hana ta ba. Kun san tsoho ba a yi masa dole.

Ummu Sadik: Subhanallah. Hawan jini yakan hau ba tare da ciwon kai ba. Garin nan kayan ƙarin abinci ne, ba ya maye gurbin maganinta. Don Allah a auna ta yau, ta koma kan ƙwayar, ki kai ta wajen likitanta ki faɗa masa komai har da cokali biyun.

Anti Balaraba: Ni dai na ce ta tafasa.

Maman Ilham: Na gode muku duka. Awon sai yayana ya zo, na'urar tana wajensa. Amma gaskiya ban ga laifin garin ba, na sha wahalar haɗa shi. In na mayar da shi cokali ɗaya da safe fa?